Cinyar Kazar Almu

Duk wanda ya saba shiga kasuwar Tambuwal ya san Almu mai igiya, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon mutumin nan da ke zama gindin tsamiya kusa da masu awaki, ƙafa ɗaya a miƙe, rama ɗaure a babban yatsa, yana tufka yana tari. Rigarsa ta sha faci har ba a gane ƙyallen da aka fara ɗinka ta da shi, amma in ya tashi zai tafi masallaci sai ka rantse wani basarake ne ya ɓata hanya: tafiya sannu, kafaɗa a buɗe, yana jiran a kauce masa. Har awaki kaucewa suke. Mahauta suna ce masa Yarima, yana amsawa ba tare da ya ɗaga kai ba, kamar sunan da aka raɗa masa ke nan.

Abu na biyu da aka san shi da shi ya fi ban dariya. Almu ba ya cin cinyar kaza. A wurin suna ko walima, in rabo ya kawo masa cinya, sai ya dube ta kamar ya ga dogari a ƙofar ɗakinsa, ya tura wa na kusa, ya nemi wuya ko ƙafa. Abokan wasansa sun ce mai magani ne ya hana shi. Wasu sun ce rowa ce ta yi masa yawa har yana yi wa bakinsa. In an matsa masa, abin da yakan ce kawai shi ne, ba a ba mutum cinya a banza. Ga yadda aka yi ya san haka.

An haifi Almu a wani ƙauye yamma da Fakku, a ƙasar Kebbe, lokacin da Turawa sun riga sun zauna da gindinsu. Ubansa Lauwali makiyayin shanun Maigari Ɗangiwa ne. Uwarsa Asma'u ita ke tatsa, ta kai nono gidan Maigari kowace safiya. Bukkarsu tana bakin garke, inda ƙuda suka fi mutane yawa da iko. A watan da aka haife shi, uwargidan Maigari, wadda kowa ke kira Goggo Na'iya, ita ma ta haihu. Kafin wannan ta binne 'ya'ya maza huɗu, babu wanda ya kai yaye. Saboda haka aka yi wa na biyar ɗin abin da ake yi wa ɗan wabi: aka huda masa kunne ɗaya, aka kira shi Maccido, wato bawa da Fulatanci, aka bar shi cikin tsumma, don ko mene ne ke ɗauke 'ya'yan gidan, in ya leƙo ya ga babu abin ɗauka.

Da aka yaye yaran biyu, Goggo ta aika tana son a ba ta riƙon Almu, ya zama abokin wasan Maccido. Lauwali ya ce to, don makiyayi ba ya ce wa mai shanu a'a. Maƙwabta suka yi ta zuwa barka, suna cewa yaron ya shigo duniya da ƙafar dama. Asma'u kuwa ta goya shi ta kai shi da kanta, ta komo da zanen goyon a hannu.

To, a gidan Maigari ne Almu ya san duniya tana da daɗi. An yi masa 'yar riga ta saƙi mai aiki a wuya, da jar hula, da munduwar azurfa. Kowace safiya Goggo takan zaunar da shi a cinyarta, ta shafe shi da man shanu har yana sheƙi, ta zizara masa kwalli, sannan ta ce ya je zaure ya zauna kusa da Baba. Maccido kuwa yana can bayan rumbu da 'yar taguwarsa mai huji, kai rabi a aske, majina har baka. In baƙi sun zo, Almu suke ɗagawa sama suna cewa kai, ɗan Maigari ya yi kyau, wannan ai sarki ne tun yanzu. Babu wanda ya taɓa gyara musu magana. In aka yanka kaza, cinya ta Almu ce, wuya da ƙafa na Maccido.

Almu yaro ne mai tausayi, wannan kam ba a ƙwace masa ba. Ya ga an fi son sa da ɗan gida, abin yana damunsa. Sai ya riƙa ɓoye rabin cinyarsa a aljihu, ya zagaya bayan rumbu ya miƙa wa Maccido, ya ce ya ci maza kada Goggo ta gani. Maccido yakan karɓa ya ce sai anjima zai ci. Haka suka taso, an yi musu kaciya rana ɗaya, sun kwanta ɗaki ɗaya, sun sha bulalar malami ɗaya a makarantar allo. Almu ya ɗauka a ransa cewa yana da ƙane, kuma Allah ya ɗora masa kula da shi.

Amma tausayin nan bai kai bakin garke ba. In 'yan'uwansa na ciki ɗaya sun kawo nono, yakan tsaya nesa yana toshe hanci, ya ce suna warin kashin shanu. Wata rana uwarsa ta miƙa hannu za ta gyara masa hula, ya ja da baya ya ce ta wanke hannu tukun. Matan gidan suka fashe da dariya, suka ce ɗan sarauta ya yi magana. Asma'u ma ta yi dariya tare da su, ta ɗauki ƙwaryarta ta fita. Abu ɗaya ya yarda ya koya a wurin ubansa, shi ma don wasa: tufkar dangwali, igiyar da ake ɗaure maruƙa.

Shekarar da ƙyanda ta shiga garin, Almu ta kama, ta bar Maccido. Ya yi kwanaki bai san inda yake ba. Goggo ba ta gusa daga kansa ba, tana ba shi ruwa da ludayi, tana yi masa fifita. Ranar da ya fara tashi zaune ya ji gida ya cika da ƙamshin masa, Goggo ta sa an toya tana rabawa sadaka. Ya daɗe yana ba da labarin masar nan. Wane yaro ne a ƙasar Kebbe duka aka toya wa masa don ya warke?

Suna da kamar shekara goma dogarin hakimi ya zo da saƙo: ana son ɗan Maigari a makarantar boko a Tambuwal. A lokacin nan jin wannan da jin mutuwa duk ɗaya ne. Mata suka yi ta kuka, ana cewa yaron da ya shiga can ya bar salla, wasu ma sun ce da hannun hagu ake koya musu cin tuwo. A ranar Maccido ya tafi gaishe da wata kaka a daji da ba a taɓa jin labarinta ba. Da yamma aka yanka kaza, aka ba Almu cinya biyu. Maigari da kansa ya dafa kansa ya ce, "Kai na babba. Tafi ka fid da gidanmu kunya." Almu ya hau jaki bayan dogari yana jin kansa kamar mai tafiya yaƙi.

Abin mamaki, makarantar ta karɓe shi. Ba a hana shi salla ba, tuwon ma da dama ake ci. Ya iya karatu, ya iya lissafi, har malaminsu ya fara cewa wannan in ya dage zai kai makarantar Midil a Sakkwato. Ana nan sai wani malamin hakimi ya zo ƙauyensu a kan keke, da farar riga da alƙalami a aljihu, Maigari da rawaninsa ya tashi tsaye ya ba shi buzu. Aka tambaya ɗan wane ne, aka ce ɗan wani maƙeri ne da ya yi boko. Maigari ya kwana yana juya wannan magana. Bai cika wata ba ya je ya faɗi gaban hakimi ya ce an yi kuskure, yaron da aka kai ba shi ne aka nema ba. Aka aske wa Maccido kai duka, aka ɗinka masa riga, aka kai shi, aka komo da Almu.

An gaya wa Almu cewa Goggo ce ta kasa barci don kewarsa. Ya yarda, ya kuma ji daɗi. Ya yi wa Maccido nasiha a kan wane malami ne mai zafi, ya bar masa allonsa na dutse. A ganinsa ya sake ba ƙanensa rabin cinya ne.

Daga nan rayuwarsa ta zama wani abu da ba shi da suna. Bai iya kiwo ba, don ba a bar shi ya bi shanu ba. Bai iya noma ba, hannunsa ya yi laushi, in ya riƙe kalme yini ɗaya sai ya kwana uku yana jinya. Karatun bai kai na aiki ba. Sai ya zama mai riƙe linzamin dokin Maigari, mai kai saƙo, mai zama a zaure yana amsa gaisuwar da ba tasa ba. An yi masa aure da wata yarinya mai suna Mardiya, 'yar masu saƙar tabarma, aka ba shi ɗaki a gefen gida. Riguna ba su yanke ba, sai dai yanzu waɗanda Maccido ya gaji da su ne. Almu bai ga komai a ciki ba. Tsakanin wa da ƙane ai babu kwance.

Da yaƙin Turawa ya yi zafi aka shiga diban gwamna, ana ɗibar maza daga kowane gari ana kai su haƙar kuza a Jos. Maccido ya gama makaranta, shi ke riƙe wa tsohon ubansa al'amuran gari. Mutane suka fara gunaguni a bakin masallaci cewa Maigari ya iya ba da 'ya'yan wasu, nasa kuwa suna inuwa. Da gunagunin ya yi yawa, aka yanka kaza. Maccido ya zo ɗakin Almu da kansa, ya zauna a tabarma, ya kira shi Yaya, ya ce in gidansu bai ba da mutum ba babu wanda zai ƙara jin maganar Baba. Almu ya side yatsunsa ya ce ai ba sai an roƙe shi ba.

Ba ya son ba da labarin kuza. In an tambaye shi yakan ce akwai sanyi, sai tarin ya ƙarasa masa sauran. Mutum biyu daga garinsu ba su komo ba. Shi ya komo ƙashi da fata, ya tarar uwarsa Asma'u ta rasu tun da kaka, ubansa ya bi wani garke ya yi kudu. Ya tsaya a inda bukkar take, ya ga an shuka kuɓewa. Bayan shekara Maigari Ɗangiwa ma ya cika, aka naɗa Maccido.

Sabon Maigari ya zo da sabon tsari. Akushin Almu ya bar cikin gida ya koma zaure, wurin barori. Aka nuna masa cikin ladabi cewa gaban mutane ya daina cewa Maccido, ya riƙa cewa ranka ya daɗe, ya kuma tuɓe takalmi. Almu ya ce daidai ne, sarauta sai da kwarjini, kuma wa ya fi shi son ƙanensa ya yi kwarjini? Mardiya takan dube shi in yana irin wannan bayani, ta ci gaba da saƙarta.

Wata shekara da damina, lokacin jangali, wato harajin shanu, aka kora rabin shanun gidan Maigari cikin daji don kada a ƙidaya su. Ba yau aka fara ba, sai dai bana wani ya kai tsegumi. Saƙo ya zo cewa wanda ya ɓoye shanun ya bayyana gaban alƙali, kuma kowa ya san ƙarshen maganar gidan yari ne. Almu bai ma ji labarin ba, yana kwance da tarinsa. Bayan azahar wata yarinya ta yi sallama ta ajiye akushi, ta ce in ji Goggo. Ya buɗe, ƙamshi ya cika ɗaki: kaza ce da man shanu, cinya biyu a sama. Fuskarsa ta washe. Ya ce wa Mardiya ta gani, ai Goggo ba ta manta da ɗanta ba.

Mardiya ba ta ajiye kabar da ke hannunta ba. Ta ce, "Ina za a kai ka kuma?"

Ya ce wace irin magana ce wannan. Ta ce ita dai tun da ta shigo gidan nan sau ɗaya ta ga cinya biyu a akushinsa, kuma da safe aka tafi da shi Jos. Ta ji an ce kafin nan ma an yi, aka ɗora shi a jaki. Almu ya zauna yana kallon kazar har man ya fara daskarewa. Sannan ya rufe akushin, ya ɗauka, ya shiga cikin gida.

Goggo ta tsufa, idonta ya yi hazo, tana zaune a ƙofar ɗaki tana jan carbi. Ta gane tafiyarsa, ta ce Almuna ne, ya ci kuwa? Ya durƙusa ya ajiye akushin, ya tambaye ta a hankali ko wani abu ya faru. Ta gaya masa maganar shanu da alƙali kamar mai ba da labarin ruwan jiya, ta ce shi zai je ya amsa laifin, wata shida ne ko bakwai, za a kula da Mardiya da yara. Ya ce, to in ya ce ba ya zuwa fa?

Tsohuwar ta yi mamaki na gaskiya. "To don mi anka ɗauko ka, ɗan nan?"

Babu fushi a muryarta, babu ɓoyo. Ta ɗauka ya daɗe da sani. Ta ce bayan ta binne fuɗu, wata tsohuwa daga Dogon Daji ta ba ta shawara: tsumma kaɗai ba ya isa, a samo wani yaro sa'ansa a yi masa ado, a sa shi gaba, duk baki da idon da aka nufo ɗan Maigari da shi sai ya sauka a kansa. Ta ce kuma Allah ya amsa, ai ya tuna shekarar ƙyanda. Da ta ga ta kama shi ta bar Maccido, ta san maganin ya ci, har masa ta toya.

Almu ya ce, a ransa yana neman inda zai dafa, amma ai ta yi jinyarsa, ta kwana a kansa.

"Ina son ka mana," in ji Goggo, tana lalubo kansa ta shafa. "Wa ya ce ba ni son ka? Garkuwa ma shafa mata mai aka yi."

Ya ɗauki akushin ya fita zaure. Maccido yana kan buzu, da mutum biyu uku a gefe. Almu bai tuɓe takalmi ba. Maigari ya ga haka ya sallami mutanen, ya yi murmushi ya ce Yaya, zauna mana. Almu ya tambaye shi abu ɗaya: ya sani? Maccido ya sunkuyar da kai yana wasa da bakin rawani, ya ce tun suna ɗakin kaciya Goggo ta gaya masa, amma ai wannan maganar tsofaffi ce, su da suka yi boko ba su ɗauke ta da nauyi ba.

"Cinyar da nika kai ma bayan rumbu fa?"

Maccido ya yi 'yar dariya, irin ta mai son a mayar da magana wasa. Ya ce Goggo ta hana shi cin komai daga rabon Almu, wai bakin mutane yana kai. "Kare nika jefa ma. Ka tuna Baƙin nan namu? Ai kai ka ƙosar da shi."

Almu yakan ce duk abin da aka yi masa, makaranta da kuza da sauransu, da ya iya haɗiyewa. Karen nan ne ya tsaya masa a wuya. Ya buɗe akushin, ya tura shi gaban Maigari har ya taɓa buzu. Ya ce, "Ci, ranka shi daɗe. Wagga taka ce." Ya juya ya fita da tafiyar nan tasa ta 'ya'yan sarauta, wadda su suka koya masa, ba shi da wata.

Kafin la'asar ya ɗora tabarmin Mardiya da tukwane a kan jakin aro, yara biyu a sama, suka kama hanyar Tambuwal. Babu wanda ya tare su. Kada mai karatu ya sa ran jin Maccido ya shiga uku: bai shiga ko ɗaya ba. An samu wani bara mai suna Atu ya amsa laifin shanun, an ce shi ma an yanka masa kaza. Maccido yana nan da rawaninsa, ya yi ƙiba, 'ya'yansa uku suna makaranta.

A Tambuwal Almu ya duba abin da ya iya a duniya, ya ga bai wuce tufkar da ya koya a bakin garke don wasa ba. Da ita yake ci har yau. Igiyarsa tana da kyau, Fulani suna yabon dangwalinsa, har barorin Maccido sukan saya in sun zo kasuwa, ya karɓi kuɗinsu ya tambaye su lafiyar Goggo. Da labarin rasuwarta ya zo ya bar kasuwa kwana uku. Mardiya ta ce kuka ya yi ta yi, yana yi yana jin haushin kansa. In mai tallan nono ta tsaya kusa da tsamiyarsa, yakan karɓi ƙwaryar da hannu biyu ya sauke mata, ko ba zai saya ba.

A gidansa, ran salla, akan yanka kaza ɗaya. Almu ke tsayawa a kan tukunya da kansa, abin da ke ba maƙwabta dariya, Yarima guda a madafa. Sai ya sa Mardiya ta zare ƙasusuwan, ta yayyage naman sili-sili, ta juye cikin miya ta gauraya, yadda duk wayon yaro ba zai ce ga cinya ga wuya ba. Sannan ya kira yaran, nasa da na riƙo ɗaya da suka ɗauko, su sa hannu a akushi ɗaya.